Ranar da Hannuna Ya Saki Inji a Tsakiyar Ruwa

Assalamu alaikum jama'a, musamman ku 'yan'uwana masu riƙe inji a ruwan Yauri da Ngaski har Shanga. Ciwon da na yi ba shi da kumburi, ba shi da jini, ba mai dubanka ya ce ba ka da lafiya. Shi ya sa na ga gara in faɗi yadda ya zo mini, ko Allah ya sa wani ya gane nashi da wuri.

Sunana Sama'ila, ƙauyenmu na bakin ruwa ta ɓangaren Ngaski. Aji biyu na sakandare na aje karatu, ba wanda ya hana ni, zama ne dai ban iyawa. Na yi kabu-kabu a Yelwa, na bi motar albasa zuwa kudu, na koyi aski wata uku na gudu. Sai da Kawu Garba, wan Innata, ya ɗora ni kan injin jirginshi na fasinja sannan na natsu. Kan ruwa ne kaɗai nake zaune wuri guda kuma ina tafiya. Da safe in mun bar kwata, inda jirage ke tsayawa, ruwa da sama sukan haɗe ka rasa inda wannan ya ƙare wancan ya fara, tsibirai su yi kamar an rataye su cikin iska. Sai in ji kamar ba ni da nauyi.

Amma ga yadda nake riƙe jikina a lokacin, kada in ɓoye. Baƙin shayi kofi biyu kafin mu tashi, goro a kunci, lemun gwangwanin nan na ƙara ƙarfi in rana ta yi, kuma ranar da za mu yi sawu biyu akwai wata 'yar ƙwaya da nake amsa wurin mai kemis. Abinci sai na dawo.

Satin farko abin da na fara ji wata 'yar kaɗawa ce cikin ƙirji in na kashe inji. Duk mai riƙe inji ya sani, in ka yini hannunka na kanshi, ko ka sauka hannun na ci gaba da rawa. Sai na ce rawar ce ta haura ta shiga ƙirji. Sati uku ina faɗa wa kaina haka.

Sati na huɗu, ranar kasuwar Yelwa, ruwa ya fara ja baya, kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun da can sun fara leƙowa. Jirgi cike da mata da buhunan albasa da kwandunan kifi. Ruwa ya kwanta kamar an shafe shi da hannu. Muna tsakiya sai zuciyata ta yi bugu uku da sauri, ta tsaya kamar tana sauraren wani abu, sannan ta zubo bugu goma a haɗe. Kun san warangi, ƙananan kifin nan, in anka juye su cikin kwando da ransu? Haka cikin ƙirjina ya koma.

Ƙarar inji ta yi nisa, kamar jirgin wani ne ke wucewa bayan tsibiri. Hirar mata ta koma kamar ana yin ta ƙarƙashin ruwa. Komai ya yi fari, fari mai laushi. Abin da ke ba ni tsoro har yau shi ne lokacin ban ji tsoro ba, daɗi ma na ji, kamar barcin bayan azahar. Ban san sanda hannuna ya zame daga inji ba.

"Kai direba! Ina za ka kai mu?"

Hajiya Kulu ce, dillaliyar albasa, wadda kullum take zama kusa da inji don wai gaba na jiƙa mata zane. Na buɗe ido na ga jirgi ya karkace ya nufi wani baƙin kututture. Na fizgo inji. Gefen jirgi ya goga, ruwa ya watso kan buhuna, mata sunka ɗauki salati, wani jariri ya tsala kuka.

"Ku kwantar da hankalinku," na ce, "filogi ne."

Mata sunka yi ta tsine wa filogi. Da munka kusa kwata Hajiya Kulu ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Filogin ne ya sa leɓenka ya yi fari haka?"

Na yi kamar ban ji ba. Da munka dawo na maimaita wa Kawu ƙaryar. Kawu ya tafi ya wanke makanikinmu tas a gaban mutane, ya sayo sabon filogi. Ni kuwa na yi shiru, don na san ranar da na faɗi gaskiya ranar zan sauka daga inji, kuma ban san ina zan sa kaina ba in na sauka.

Bayan kwana uku ina zaune kusa da Inna tana juya kifi a banda, abin ya taso. Ita ta fara ganin rigata na rawa. Ta aje abin hannunta ta ɗora tafinta a ƙirjina.

"Innalillahi. Auta, mi ne ne wanga?"

"Gajiya ce, Inna."

"Gajiya ba ta gudu haka."

Ta aika a kira Gwaggo Hajo, yayar Babanmu, Allah ya jiƙan shi. Gwaggo a tsohon garinmu anka haife ta, wanda yanzu yake ƙarƙashin ruwa tun da anka yi dam. Ta taɓa ni, ta girgiza kai.

"Kullum kana bi ta kan gidajen kakanninka da ƙarar inji kamar jirgin sama. Ka taɓa yi musu sallama?"

"Gwaggo, wa zan yi wa sallama cikin ruwa?"

"Ji mini ɗan banza. Mutanen da can ba su tura jirgi sai sun wanke fuska da ruwan sun yi sallama. Ku ko sai dai ku zuba mishi fetur. Tashi mu je."

Ta ja ni har bakin ruwa, zuciyata na ta tsalle. Ta ce in duƙa in tsoma fuskata duka, in riƙe numfashi, in yi sallama cikin raina. Na yi don kada ta yi ta faɗa. Ruwan na da sanyi. Na buɗe ido a ciki, komai kore, hasken rana na saukowa kamar zare-zare. Wallahi sai na ga kamar can ƙasa akwai rufin ɗakuna, da tsamiyar bakin kasuwa da Gwaggo ke ba mu labari muna yara, ganyenta na kaɗawa a hankali. Ina cikin kallo zuciyata ta yi wani bugu guda mai nauyi, kamar an rufe ƙofa. Sai ta dawo daidai. Ɗaya, ɗaya, ɗaya.

Na ɗago ina haki. Gwaggo ta dubi fuskata ta ce, "Sun amsa."

Daga nan shawara ta yi yawa. Liman ya ce ba ruwan matattu da ƙirjin rayayye, in yi addu'a in je asibiti. Wani ya kawo zuma da tafarnuwa, wata ta kawo rubutu. Buba, wanda ke tuƙa jirgin itacen Kawu, dattijo ne amma bakinshi ba ya tsufa, ya ce, "Ku bar yaro. Wace ce a Yelwa? Faɗa mini sunan ubanta in kai goro." Ni dai na samu abin da nake so. In abin ya taso a tsakiyar ruwa sai in rage wuta, in leƙa ta baya kamar ina cire kainuwa daga farfela, in tsoma fuska. Wani lokaci ya tsaya cak, wani lokaci ya lafa kawai ya bar ni in ƙarasa. Fasinja ba su san komai ba. Har na fara jiran shi, don in sake ganin koren garin nan.

Hajiya Kulu ce ta tsinka zancen. Wata Laraba ta zo gidanmu da kanta, ko tabarma ba ta bari an shimfiɗa mata ba.

"Innar Sama'ila, kainuwar da ɗanki ke cirewa da fuska, ni ban taɓa ganin irinta ba. Maigidana haka ya fara, yana cewa tsuntsu ne cikin ƙirjinshi. Wata safiya ya tashi ɓarin jiki ya mutu, baki ya karkace. Shekara huɗu ina juya shi kan gado. Ku kai shi asibiti, ko in faɗa wa Garba abin da idona ya gani, in kwashe mata mu koma wani jirgi."

Zuwanmu na farko asibiti a Yelwa, da safe abin ya taso, munka shiga jirgin Buba ni da Inna. A hanya na tsoma fuska, ya kwanta. Munka yanki kati, munka zauna kan benci tun hantsi har anka yi azahar. Likita ya ɗora abin saurarenshi, ya auna jini, bai fi minti biyar ba ya ce ba ya jin komai, in rage shayi.

Sati biyu bayan nan munka koma, anka ce a yi gwajin da ake manna wa mutum wayoyi a ƙirji takarda ta fito da zane. Inna ta sayar da akuyarta saboda shi. Ranar ma na gaishe da mutanen ƙarƙashin ruwa a hanya. Munka tarar babu wuta, da wuta ta zo anka ce takardar injin ta ƙare, sai da la'asar anka yi. Zanen ya fito a jere kamar kunyoyin gona. Lafiya lau.

"Kin gani ko, Inna? Akuyarki ta tafi a banza."

"Rufe mini baki. Hannuna ya ji abin da ya ji."

Duk wannan lokacin ina ɗaukar mutane. Allah ya yafe mini.

Zuwa na uku ba don Inna ta yi kuka ba da ban je ba. Wata likita munka samu, 'yar ƙarama, Hausarta irin ta mutanen Zuru. Ta duba takardun ta ce, "Yaushe ya zo maka na ƙarshe?"

"Yau da safe."

"Yau? To ya aka yi ya tafi?"

Na dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa. Na daure na ba ta labarin Gwaggo da sallama, ina jiran ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta aje biro.

"Ruwan da sanyi?"

"Da sanyi."

"Kuma kana riƙe numfashi?"

"Ina riƙewa."

"Duk zuwan da ka yi nan sai da ka yi haka a hanya?"

Na ce e. Ta jingina da kujera ta ce ruwan sanyi a fuska tare da riƙe numfashi yana taka wa zuciya birki, ko ruwan randar Inna ne zai yi, ba sai na tafki ba. "Birki ne," ta ce, "ba gyara ba ne. Wane aiki kake yi?"

Ina shirin cewa kamun kifi Inna ta riga ni. "Jirgi shika tuƙawa, likita."

"Da mutane a ciki?"

Inna ta gyaɗa kai.

"Daga yau ka sauka. Kuma bari in tambaye ka, in inji ya lalace maka a tsakiyar ruwa, ka kai wa makaniki yana tashi lafiya lau, me zai gyara? Sau uku kana kawo mana zuciyar da ka riga ka kwantar. Ka kawo mini ita tana cikin haukanta."

Ta rubuta wata 'yar takarda ta ce duk sanda na zo da abin in nuna, kada in bi layi. Ta ce in samu wuri cikin gari in zauna kusa. Ta kuma ja wa Inna kunne, in na suma ko ƙirji ya riƙe ni da ciwo ko numfashi ya gagara, a yi duk abin da za a yi, kada a ce ana jiran gwaji.

Na ce wa Kawu an ba ni hutu ne saboda zazzaɓi, Buba ya karɓi jirgin fasinja. Hajiya Kulu ta ba ni zauren gidan ƙanenta a Yelwa. Kwana shida na yi, ba shayi, ba goro, kaina na sarawa kamar ana faskara shi. Ina zaga gari a ƙasa, in je kwata in ga jirage na tashi in dawo. Zuciya kuwa ko gezau, tana tafiya kamar ta Liman. Rana ta bakwai na ce na gaji, na koma gida. Kwana biyu da komawata, da hantsi, ina faskara wa Inna itace, sai ga shi.

Ba ranar kasuwa ba ce, Buba na kwata da jirgin itace bai gama lodi ba. Ya dube ni ya watsar da sauran itacen ya ja igiya. Gwaggo ta biyo mu har bakin ruwa tana ɗingishi.

"Ga magani gabanku kuna kallo! Za ku kashe yaro da taurin kai. Sama'ila, duƙa ka gaishe su!"

"Yi haƙuri, Yaya," in ji Inna, "yau dai mu gwada na likita."

Na sha ƙetare ruwan nan, ban san yana da faɗi ba sai ranar. Na kwanta kan itace, kaina a cinyar Inna, ruwa na wucewa ƙasa da kamu ɗaya daga hannuna. Ina jin sanyinshi a fuska tun ban taɓa ba. Abu ne na miƙa wuya kawai. Gajimare na tafiya baya-baya. Wasu balbelu sunka wuce sama, na ga kamar ba su kaɗa fiffike, iska ce ke jan su da zare. Farin nan mai laushi ya fara zuwa daga gefen ido, ya ja baya, ya sake zuwa. Na ji kamar jirgin ya tsaya cak, gaɓar Yauri ce ke ƙin matsowa. Can ƙasa kuma kamar ana daka, turmi da yawa, kowace mace da nata bugun, ba mai bin wata.

Inna ta zo da ƙoƙo. Ina kallo ta ɗebo ruwa ta riƙe saman fuskata, ɗigo biyu sunka faɗo mini a goshi.

"Auta, kana ji na?"

"Ina ji, Inna. Kada ki zuba."

"Ƙirjin na ciwo?"

"Ba ya ciwo. Gudu dai yake."

Ta daɗe riƙe da shi, sannan ta mayar da ruwan tafki. Ta kama wuyan hannuna ta ce bari ta ja tasbihi da bugun. Ta fara, subhanallah, subhanallah, sai ta rasa inda za ta sa na uku, bugun ya tsere mata. Ta sake farawa. Har munka isa tana sake farawa.

Buba kuwa bai rufe baki ba, don kada in yi barci. "Kai Sama'ila, in ka mutu cikin jirgin itace wallahi ba ni zuwa jana'iza. Mutum ya mutu cikin na fasinja mana, a san ya yi arziki. Buɗe ido! Waccan yarinyar ta Yelwa, fara ce ko baƙa?"

Daga kwata mu uku kan mashin ɗaya, Inna ta riƙe ni ta baya. Da na miƙa takardar likita mutanen benci sunka taso. "Mu tun asuba muke nan! Ɗan wa ne shi?" Ban ga laifinsu ba, ni ma na yi zaman bencin. Wata nas mai jiki, Allah ya saka mata, ta kama wuyan hannuna, ta dube ni, ta daka musu tsawa ta tura ni ciki. Ranar akwai wuta, akwai takarda.

Zanen da ya fito bai yi kama da na farko ba ko kaɗan. Kamar fuskar ruwa in iska ta taso, wani tsalle kusa da wani, wani can nesa. Likitar ta ɗaga shi sama ta ce, "Yauwa. Yau mun kama shi."

Ta faɗi wani suna da ya zauna mini har yau, fibirileshan. Ta ce ɓangaren sama na zuciya ne ke karkarwa maimakon ya buga, kuma in abin ya daɗe jini na iya dunƙulewa a ciki, ya tafi kai, ya shanye wa mutum ɓarin jiki. Inna ta ce, "Mijin Kulu." Likita ta ce zargi take yi, ba ta yanke ba, don ba a cika ganin shi ga mai shekaruna ba, kuma yadda ruwa ke tsayar da shi wani lokaci ya fi kama da wani ciwon ɗan'uwanshi. Sai ta tambaye ni me nake sha don in jure aiki. A gaban Inna na lissafa, har ƙwayar. Inna ta kawar da kai. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana biyu na yi a kwance. Sauro ya ci mu, banɗaki ba ya shiguwa, Inna na barci kan kwali. Amma an kula da ni, ba zan ci amana ba. Daga nan anka tura mu babban asibiti a Birnin Kebbi, Kawu ya ɗauki nauyin tafiyar bai tambayi komai ba. Can anka yi hoton zuciya, na gan ta da idona cikin talabijin tana buɗe baki tana rufewa kamar tarwaɗa cikin duhun ruwa. Sunka ce gininta lafiya, wutarta ce ke rikicewa. Har yau ba su gama tsayar da wanne ne cikin biyun ba. Anka ba ni 'yar ƙwaya guda kullum da safe, anka hana ni shayi mai kauri da goro da gwangwani da ƙwayar kemis. Inji kuwa sai na yi wata shida ba abin da ya taso, na koma sun sake dubawa.

Da munka dawo na samu Kawu a kwata shina toshe wa jirgi tsaga.

"Kawu, ranar nan ba filogi ba ne. Suma na yi."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da tura tsumma cikin tsagar.

"Kasuwa nawa ka ɗauki mutane bayan nan?"

"Bakwai."

Ya aje guduma ya wanke hannu. "Tashi mu tafi." Na ɗauka gida za mu. Rumfar makaniki ya kai ni, ya tara duk wanda ke wurin, ya ce in maimaita. Na maimaita. Kawu, da furfurarshi, ya cire hula ya ba mutumin haƙuri. Sati biyu bayan nan ko gaisuwata ba ya amsawa sai da kai. Makanikin ne ma ya ce tunda kunnena ya san inji in zo in riƙa kama mishi. Can nake yanzu, ina wanke kafireto ina kallon ruwa ta ƙofar rumfa.

To 'yan'uwa, in ƙirjinka na kaɗawa bayan ka kashe inji, sa yatsa biyu a wuyan hannunka ka saurara kamar yadda kake sauraren inji. In yana tsallake, ba rawar inji ba ce. Ka faɗa wa likita duk dabarar da kake yi kana kwantar da shi, ko kana jin kunyarta. Kuma kada ka leƙa ruwa daga cikin jirgi kana jiri. Ni Allah ne ya tsare. Ina gode wa Inna, da Hajiya Kulu da ta ƙi rufa mini asiri, da Buba, da likitar nan. Gwaggo har yau cewa take sun amsa, na bar ta, don ita ma so ne.

Satin da ya wuce na cika wata biyar ba abin da ya taso. Ranar kasuwa da safe anka aiko matar Buba na naƙuda, ya tafi da ita. Kawu na Shanga wurin ta'aziyya. Jirgi ya cika, albasa ta hau, rana na ɗagawa, babu direba. Mata sunka zo har rumfa.

"Sama'ila, taho ka kai mu."

"An hana ni."

"Wa ya hana ka? Ji kumatunka, ka fi mu lafiya. In masu motocin kudu sunka gama lodi wa za mu sayar wa? Ka san albasa ba ta jira."

Na bi su kwata, wai in duba musu mai kawai. Na shiga jirgin. Na ɗora hannu kan inji, rana ta ɗumama shi, wurin da tafina ya goge fenti na nan. Ruwa ya kwanta har iyakar gani, babu iska ko kaɗan. Na taɓa wuyan hannuna, yana tafiya daidai. Wata ɗaya kawai ya rage. Kawu ba ya nan, likita ba ta nan. Wallahi har na naɗe igiyar tayar da inji a hannu.

Sai na ɗaga kai na dubi cikin jirgin. Duk sun juyo suna kallona, da goyonsu, da kwanukan abincinsu, wata tsohuwa har ta fara gyangyaɗi don ta ga direba ya zo.

Na warware igiyar na sauka.

"Kai, wanga ragon namiji!"

"Allah ya isa albasata!"

Na ari mashin na tafi ƙauyen gaba neman wani direba. Kafin in same shi a gona, ya wanke jiki, mu dawo, rana ta take. Na san sai kasuwa ta fara watsewa za su isa, su ma sun sani, ba wadda ta dube ni. Jirgin ya yi nauyi ya zauna cikin laka, mutumin ya ja inji amma ya ƙi motsi. Na naɗe wando na shiga, na sa kafaɗa na tura, na tura, har ruwa ya kai mini ƙugu, na ji ya saki ƙasa ya fara tafiya da kanshi.

Sannan na cire hannuna.